Fassarar "Hana" a Takardar Koke: Shawara ga 'Yan Kasuwar Ogbete

Kalmar "hana" tana ɗauke da ma'anoni da dama waɗanda Turanci ya rarraba wa kalmomi daban-daban, kuma nan ne Bahaushe mai sayar da albasa ko tumatir a kasuwar Ogbete ta Enugu yakan yi tuntuɓe, domin ciniki da Buroka ake yin sa, amma koken da za a kai wa shugabannin kasuwa ko 'yan sanda da Turancin ofis ake rubuta shi.

Mafi haɗari ita ce "deny", saboda fuska biyu gare ta: in aka haɗa ta da mutum da abin da yake nema tana nufin an hana shi, in kuwa aka haɗa ta da zargi ko bashi tana nufin an musanta. Wanda dillali ya riƙe wa kuɗin buhu 20, idan mai rubuta masa takarda ya ce dillalin ya yi "deny" ɗin bashin, to ya shaida cewa dillalin ya ce babu bashin sam, alhali wataƙila ya amsa, jan ƙafa kawai yake yi. Abin da ya dace a nan shi ne "withhold", wato riƙe abin da ke hannu wanda ya kamata a miƙa wa mai shi, ko "refuse" in an nema ya ƙi ƙiri-ƙiri. Ita kuwa "deprive" ta fi ƙarfin rigimar buhu, don ma'anarta raba mutum da haƙƙinsa, kuma da ita Tsarin Mulkin 1999 ya yi amfani a sashe na 33 da na 35 kan rai da 'yancin walwala.

Saboda haka kafin a sa hannu ko a dangwala yatsa, ya kamata mai koke ya sa a maimaita masa takardar da Hausa, ya tabbatar an bambanta wanda ya musanta da wanda ya riƙe, an kuma rubuta adadin kuɗin da ranar da aka yi alkawarin biya. Haka nan idan na'urar POS ta fitar da rasit mai ɗauke da "declined", abin da take nufi shi ne cinikin bai wuce ba, ko da an cire kuɗi daga asusun mai saye, don haka ba a sakin kaya a kansa, shi kuma mai saye ya adana rasit ɗin ya kai bankinsa.