Amsoshin Tambayoyinku: Suna Kirana "Mama Fasto"

Tambaya: Baba, ni 'yar Sabon Tasha ce, kuma bana na shiga jami'a. Mu huɗu ne a ɗaki: ɗaya Musulma, biyu Kiristoci amma sai ranar Kirsimeti suke tunawa da coci. Suna kirana "Mama Fasto" don ba na bin su fati. A gwajin da muka yi na hana ɗayarsu kwafar amsata, har yau ba ta yi mini magana. Akwai kuma malamin da ke yi wa addini shaguɓe a aji. Ina jin bangaskiyata tana sanyi. Mama ta ce in riƙa dawowa gida duk ƙarshen mako. Yaya zan yi?

Amsa: 'Yata, salama gare ki. Bari in fara da abin da ba ki tambaya ba. A Kadunar da muka taso, Kirista da Musulmi sukan yi haya a gida ɗaya, su ɗebi ruwa a famfo ɗaya. Rikicin shari'a na Fabrairun 2000 da rikicin Nuwamban 2002 su suka raba garin, kogi ya zama iyaka. Kiristoci da yawa suka tattaro zuwa Sabon Tasha, Narayi, Romi da Gonin Gora, Musulmi suka nufi Tudun Wada da Rigasa da Kawo. Ke kin buɗe ido ne a unguwar da mai shago da mai keke napep da malamar ajinku duk za ku haɗu a sujada ranar Lahadi. Unguwa ce take tashinki addu'a ba tare da kin sani ba. Yanzu babu mai tashinki, shi ne kike jin sanyi. Wannan ba ja da baya ba ne.

Jami'ar gwamnati ba ta da addini. Sashe na 10 na tsarin mulkin 1999 ya hana gwamnati ɗaukar wani addini a matsayin nata, sashe na 38 kuma ya ba ki 'yancin bin naki. Ba za a buga miki ƙararrawar addu'a ba, ba kuma za a hana ki ba. Malamin nan kuwa, kada ki ja da shi a gaban aji. Ki karanta darasinsa har ki fi kowa ganewa, ki kai tambayoyin da ya tayar miki wurin fasto ko fada mai kula da ɗalibai. Daniyel ya yi shekara uku yana koyon harshe da ilimin Babila, har suna aka canja masa, bai gudu daga aji ba. A kan abincin sarki kawai ya ja layi.

Maganar gwaji ita ta fi tsaya mini a rai. Kin yi daidai, kuma in an kama ku a jarrabawa, mai kwafa da wadda ta buɗe takarda duk hukunci ɗaya ke jiransu, wani lokaci har kora. Amma ina da tambaya: kafin ranar, kin san ba ta gane darasin ba? In kin sani kika yi shiru, da sauran aiki a gabanki. Ki same ta da dare, lokacin da ake jiƙa gari da ƙuli, ki ajiye littafinki a kan katifarta, ki ce mata: "A zauren jarrabawa ba zan buɗe miki ba, amma daga yau har ranar, duk abin da na sani naki ne." Wataƙila ta share ki. Ki sake gwadawa bayan kwana biyu. Sunan da suka laƙaba miki kuma ki riƙa amsawa da dariya, zai gaji ya faɗi.

Ki nemi zumunta guda ɗaya ki tsaya a cikinta. Akwai FCS, wadda aka kafa a Gindiri a 1957, akwai NIFES, 'yan Katolika kuma suna da NFCS. Guda ɗaya na ce. Na ga yaran da suka cika mako da kwanan addu'a da koyon waƙa da taron shugabanni, ƙarshen zango suka maimaita kwas uku, suna cewa Shaiɗan ne. Kuɗin makarantar da iyaye suka tara da gumi shi ma amana ne.

Abokiyar ɗakinki Musulma, ina zaton ita za ta fi fahimtarki. Idan ta tashi sallar asuba, ga agogonki nan, ki buɗe Littafi Mai Tsarki ki yi naki. Sai dai ki kula da harshe. Wutar da ta ci Kafanchan a Maris 1987, ta bazu har Zariya da Kaduna da Funtuwa, daga taron ɗalibai a Kwalejin Ilimi ta tashi, a kan kalaman wani mai wa'azi. In ta tambaye ki abin da kika gaskata, ki faɗa a fili ba tare da taɓa nata ba.

Mama tana tsoro ne, kuma wadda ta ga 2000 da idonta ba a ganin laifinta. Ki roƙe ta ku mayar da dawowa gidan sau ɗaya a wata, ki riƙa kiranta ranar Lahadi bayan sujada ki gaya mata abin da aka yi wa'azi a kai. Wata Asabar kuma ki kwaso 'yan ɗakin nan duka uku zuwa Sabon Tasha, Mama ta yi musu faten acca. Ki dai tambayi Musulmar abin da ba ta ci kafin a ɗora tukunya.