Injin Ban-Ruwa Mai Ƙin Silo

Manoma, ga rani ya kama, masu lambu a bakin kogin Gada sun fito da injunansu. Tun daga madatsar ruwan Jibiya, wadda aka gama a 1989, har kan iyaka wajen Magama, har cikin ƙasar Nijar inda kogin ya zama Gulbin Maraɗi, kukan da a ke yi iri ɗaya ne. Inji ya tashi, amma da an rage totur sai ya mutu. Wani kuwa ba ya mutuwa, sai dai ya riƙa hawa yana sauka kamar mai haki. Makanikai su kan ce injin ba shi da silo.

Kada ku raina wannan ciwo. Injin da ba ya silo dole a bar shi yana ruri ko da sa'ad da a ke gyara mesa ko juya ruwa zuwa wani fangali, watau mai yana ƙonewa a banza. Kun kuwa san yadda fetur ya yi tsada tun da aka janye tallafi a Mayu 2023. In kuma ya ƙi aiki ɗungum, kwana uku na ƙishirwa sun isa su zubar da furen tumatir.

Ga dalilin abin. A cikin kafireta akwai hanyar mai guda biyu. Babbar ita ke ciyar da inji in yana aiki sosai, ƙaramar kuwa in yana tafiya a hankali. Irin injin nan Honda GX160 da masu kama da shi su kan juya kamar sau 3,600 a minti in suna jan ruwa, a silo kuwa wajen sau 1,400. Ƙofar ƙaramar hanyar, wadda a ke kira jet ɗin silo, ba ta kai rabin milimita ba. Ƙwayar rairayi ɗaya ta isa ta toshe ta. Haka kuma fetur ɗin da ya kwana cikin inji tun farkon damina ya kan bushe ya bar danƙo a wurin.

To, kafin ku kwance kome, ku cika famfon da ruwa, gama in ya juya a bushe abin da ke tare ruwa a cikinsa zai ƙone. Ku ta da injin a fili, ba cikin ɗaki ba, don hayaƙinsa yana kisa. In ya yi ɗumi, ku rage totur, ku rufe cok rabi. In ya daidaita, mai ne ba ya isarsa, ko kuwa iska tana shiga ta inda bai kamata ba. In ya ƙara shaƙewa, yana baƙin hayaƙi, to mai ya yi yawa, iska ta kasa. Sa'an nan ku kashe shi, ku bi waɗannan bi da bi:

1. Mai. Ku kwance ɗan kofin da ke ƙarƙashin makunnin mai, ku zuba abin da ke ciki a kwalba mai haske. Ruwa ya fi fetur nauyi, za ku gan shi kwance a ƙasa. In akwai ruwa ko laka, ku juye tankin duka. Kada mai taba ya matso.

2. Soson iska. Ƙurar hunturu ta kan cika shi. Ku wanke da ruwan sabulu, ya bushe sarai, ku ɗiga masa baƙin mai kaɗan ku matse. Na takarda kuwa kakkaɓe shi a ke yi, ba a wankewa.

3. Fulogi. In bakinsa ya yi baƙi da kunkunniya, ku goge. Ratar bakin ta zama milimita 0.7 zuwa 0.8.

4. Jet ɗin silo. A irin wannan inji ɗan baƙin roba ne a saman kafireta, sukurun silo ya danne shi. Ku ƙirga sau nawa kuka juya sukurun kafin ya fita, don ku mai da shi daidai. Ku zura silin wayar jan ƙarfe guda ɗaya a ƙofar, ku wanke da fetur, ku hura da famfon keke. Ban da allura, gama za ta buɗa ƙofar, inji ya koma shan mai har abada.

5. Fakin da ke tsakanin kafireta da jikin inji. In ya yage ko noti ya saki, iska za ta riƙa kutsawa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Sai an gama waɗannan duka a ke taɓa sukurun silo, kaɗan kaɗan, inji yana da ɗumi. Mutane da yawa da shi su ke farawa, su murɗa shi har ƙarshe, ko su bar cok a rufe wuni guda. Wannan ɓoye ciwo ne. Man da ya yi yawa ya kan wanke baƙin mai daga jikin silinda, inji ya tsufa tun bai kai ba. Sifirin ɗin gwamna kuwa ku ƙyale shi. In har yanzu bai daidaita ba, ku kai wa makaniki ya duba bawul.

Rigakafi ya fi magani. A nan bakin iyaka yawancinmu a jarka ko kwalba mu ke sayen mai a gefen hanya, saboda haka kullum ku tace shi da ƙyalle mai tsabta. Ku masu sayarwa, ku riƙa rufe jarkunanku, gama mai lambun da injinsa ya tsaya ba zai komo gobe ba. In an tashi aiki da yamma, a rufe makunnin mai. In damina ta sauka za a ajiye inji, a tsiyaye tanki da kafireta ƙaf, a lulluɓe shi a wuri busasshe.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa na lambu. Allah ya ba mu rani mai albarka, amin.