Bayan An Ajiye Wuƙa, Sai Me?

Ni ɗan Wudil ne, wannan ce shekarata ta ƙarshe a difloma, kuma darasin da zan kawo na koye shi ne a kan wani abokina da muka yi makarantar allo tare. Ba zan faɗi sunansa ba. Muna aji uku na sakandare ya bar karatu ya tafi birnin Kano wai neman kuɗi, can ya faɗa cikin 'yan daba. Bara ya dawo gida da tabon sara a kafaɗa, ya je gaban mai unguwa da liman ya ce ya tuba. Aka yi addu'a, aka shafa, kowa ya kama gabansa. Wata biyu yana neman wanda zai ɗauke shi aiki, ba wanda ya yarda. In ya zo majalisa sai ka ga kowa ya tura wayarsa aljihu. Har ni, wallahi, sai da na yi haka.

Hukuma ta sha gwada hanyar da ba ta kamu da ɗauri kaɗai ba. Gwamnatin Kwankwaso ta buɗe makarantar gyaran tarbiyya a Ƙiru domin masu shaye-shaye. A 2023 kwamishinan 'yan sandan Kano na lokacin, Muhammad Usaini Gumel, ya gayyaci 'yan daba su miƙa makamai a yi musu afuwa, daga baya aka ba 50 daga cikinsu horon 'yan sandan sa-kai, abin da ya jawo ce-ce-ku-ce a ƙasa. A 2025 kuma gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta fito da shirin Safe Corridor na tubabbun 'yan daba. Duk waɗannan suna buɗe wa yaro ƙofar fita. To amma in ya fito, ina zai dosa? A nan na ga abubuwa uku.

Na farko, daba ba wuƙa kawai take ba yaro ba. Tana ba shi abinci, da abokai, da maigida, da suna. In ka raba shi da waɗannan ba ka ba shi madadinsu ba, ko wata uku ba zai yi ba zai koma, mu kuma mu ce ai dama tuban muzuru ne. Abokina bai samu kansa ba sai da wani dattijo mai walda a bakin titin Maiduguri ya ce ya riƙa zuwa ƙarfe bakwai na safe. Kuɗin da yake ba shi kullum bai taka kara ya karya ba, amma yanzu akwai mai cigiyarsa in ya makara.

Na biyu, ƙwaya. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi a 2018 ya nuna 'yan Najeriya miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da su a cikin shekara ɗaya. A shekarar ce gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin, sai yara suka ƙara raja'a a kan wasu ƙwayoyin da sholisho. Wanda jikinsa ya saba, wa'azi kaɗai ba ya isarsa, sai an haɗa da asibiti da mai sa ido.

Na uku, wanda ya san hanyar shiga shi ya san ta fita. A birnin Chicago na Amurka, wani likita mai suna Gary Slutkin ya fara wani shiri a 2000, yana ɗaukar tsofaffin 'yan daba aikin shiga tsakani kafin faɗa ya kai ga ramuwar gayya. Ya ɗauki rikici kamar annoba, a tare ta tun ba ta yaɗu ba. Na ga irin haka da idona: ranar da yaran layinmu suka tashi rama wa ɗan uwansu duka, maganar abokina suka ji, ba tawa ba.

Wudil ba ta rasa abin yi ba. Ga kasuwar kara ta ranar Juma'a, ga su da noman rani a bakin kogi, ga ginin tukwane, ga ɗaliban jami'ar Aliko Dangote masu buƙatar aski da wanki da gyaran waya. A garinmu ake horar da manyan jami'an 'yan sandan ƙasar nan, amma wanda zai tsaya wa tubabben yaro a gaban mai sana'a ya ce "ni na lamunce masa", shi ne ya yi ƙaranci.

Mu ɗalibai muna da abin bayarwa. Kowannenmu ya san wani gareji ko shago inda ya yi aikin koyon sana'a. Ina roƙon ƙungiyarmu ta tattara sunayen masu gidan da za su karɓi yaro ɗaya ɗaya, ta miƙa wa masu unguwanni. Zaɓen 2027 na tafe, masu raba ƙwaya da 'yan dubu-dubu a wajen taro sun san gidan abokina sarai. Wata shida kenan yana walda. Ranar Asabar ɗin da ta wuce na bar wayata tana caji a shagonsu na tafi masallaci.