Gubar Dalma da Ƙofofin Jiki Uku: Abin da Ya Faru a Ƙauyukan Zinare na Zamfara

Jikin ɗan Adam yana cuɗanya da muhallinsa ta fata da huhu da hanyar abinci, kuma faɗin waɗannan wurare ya saɓa wa abin da ido ke zato, domin fatar babban mutum ba ta cika wuce murabba'in mita 2 ba, alhali cikin hanji, da za a shimfiɗa lanƙwasoshinsa, zai kai kusan murabba'in mita 30, huhu kuwa ya zarce haka. Wanda ya fahimci aikin kowace ƙofa daga cikinsu zai gane dalilin da ya sa dalma, wato ƙarfen nan mai nauyi da ake samu gauraye da zinare a wasu duwatsu, ta hallaka yara kimanin 400 a Jihar Zamfara, yayin da iyayen da suka daka dutsen da hannunsu akasari suka tsira da rayukansu.

A shekarar 2010 ne ma'aikatan ƙungiyar likitocin agaji ta MSF suka lura cewa ƙananan yara suna mutuwa fiye da ƙima a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yar Galma, bayan amai da jijjiga da suma waɗanda maganin zazzaɓin cizon sauro ya kasa magancewa. Gwajin jini ya nuna dalma ce. Asalin lamarin shi ne ana kawo dutsen zinare cikin gida, a daka shi a turmi ko a niƙa shi a inji, a shanya garin a tsakar gidan da yara ke rarrafe, a kuma wanke shi kusa da rijiya. Irin wannan masifa ta sake aukuwa a 2015 a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, inda yara 28 suka rasu.

Fata ce ƙofar da ta fi ƙarfi a wannan sha'ani, saboda samanta matattun ƙwayoyin halitta ne masu tauri waɗanda ƙurar dalma ba ta iya ratsawa sai ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Sai dai abin da ta hana shiga tana ɗauke da shi a tafin hannu da ƙarƙashin farce, haka ma gashi da tufafi, har ta isar da shi ga kwanon tuwo da bakin jariri.

Huhu kuwa yana tace iskar da babban mutum ke shaƙa, wadda ta haura lita 10,000 a yini guda, ta hanyar majina da wasu ƙananan gasu da ke jere a bututun numfashi suna kaɗa datti zuwa sama. Ƙura mafi laushi tana kuɓuce wa wannan tarko ta isa ƙananan jakunkunan iska da ke can ƙuryar huhu, inda bango mai matuƙar sirantaka ne kaɗai ke raba iska da jini, dalmar ta wuce cikin jini daga nan. Ƙura mai ɗan kauri kuma, wadda majina ta kama, tana hawowa maƙogwaro a haɗiye ta ba tare da an sani ba, don haka abin da huhu ya kora hanji ne ke karɓarsa. Ta huhun ne kuma tururin zaiba ke shiga sa'ad da ake ƙona ta domin a ware zinare, kuma ita ma ƙwaƙwalwa take illatawa.

A hanji ne ɓarnar ta fi tsanani, kuma a nan ne yaro ya bambanta da babba. Hanji yana da hanyoyi na musamman da yake jan sinadarin kalsiyam mai gina ƙashi da sinadarin ƙarfe mai gina jini, dalma kuwa tana bin waɗannan hanyoyi tamkar baƙon da ya sa rigar ɗan gida. Da yake jikin yaro mai tasowa yana tsananin buƙatar sinadaran biyu, yana tsotse ninki 4 zuwa 5 na dalmar da babba zai tsotsa daga abu ɗaya, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana, kuma yunwa da ƙarancin jini suna ƙara yawan abin da ake tsotsewa. Daga jini dalma takan isa ƙwaƙwalwa da ƙoda da hanta, sauran kuma ta kwanta a ƙashi da haƙora na tsawon shekaru, ta sake fitowa lokacin da mace ta ɗauki ciki ta isa ga ɗan tayi. Abin da ya fi tayar wa ma'aikacin lafiya hankali shi ne yaron da bai nuna wata alama ba, amma fahimtarsa ta ragu har abada, a riƙa kiransa daƙiƙi a makaranta ba tare da an san dalili ba.

Akwai magani mai suna DMSA wanda ke kama dalmar da ke cikin jini ya fitar da ita ta fitsari, amma ba ya gyara ƙwaƙwalwar da ta riga ta lalace, kuma amfaninsa kaɗan ne idan yaro zai koma gidan da ƙasarsa ke da guba. Shi ya sa sai da aka kankare saman ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, kamar yadda aka yi a ƙauyen Bagega a 2013, kafin a fara bai wa yara magani. Hana haƙar zinare baki ɗaya bai taɓa zama mafita ga talakan da ba shi da wata sana'ar rani ba. Abin da ke hannunsa shi ne ya nisanta daka da niƙa daga gari, ya jiƙa dutse kafin niƙa domin ƙura ta kwanta, ya yi wanka ya sauya tufafi kafin ya shiga gida, ya kuma keɓe turmi da buhunan dutse daga na hatsi. Kwallin dutse da ake sa wa jarirai ma sau da yawa yana ɗauke da dalma, kuma barinsa ya fi.

Babu wani adadin dalma a jini da aka tabbatar ba shi da illa, saboda haka duk iyayen da ke zaune kusa da wurin sarrafa zinare su nemi a gwada jinin 'ya'yansu 'yan ƙasa da shekara 5, ko da yaran suna wasa lafiya lau.