Naman Kazan Dajin Turai da Gubar da Ke Shiga Kwando

Kowace shekara, da ruwan kaka ya jiƙa dazuzzukan Italiya, sai jama'a su bazama da kwanduna neman naman kazan da suke kira porcini, hukumomin lafiya kuma su sake yin gargaɗi. 'Yan'uwanmu mazauna can su buɗe kunne. Porcini yana tsirowa a gindin itatuwa, hularsa ruwan ƙasa, ƙafarsa kakkaura. Ƙarƙashin hular ƙananan huji ne kamar soso, farare tun yana ƙarami, daga baya su yi ruwan ɗorawa. Idan aka yanka shi, cikinsa yana nan fari. Ana soya shi, ana kuma shanya shi don miya.

Abin tsoron shi ne wani mai suna Amanita phalloides, wanda yawancin mutuwar da naman kaza ke jawowa daga gare shi take. Gubarsa irin ta gara ce. Gara takan shiga katakon rufi ta cinye cikinsa, mai ɗaki yana kwance yana yaba kyan rufinsa, sai ranar da ya rufta masa. Haka wanda ya ci wannan yakan yi awa 6 zuwa 24 garau, sannan amai da zawo su taso, su lafa har ya ce ya warke, alhali hantarsa ce ke lalacewa. Dafuwa ba ta kashe gubar, shanya ma haka. A 2015 'yan gudun hijira da dama, yawancinsu daga Siriya, sun kwanta asibiti a Jamus saboda sun ci shi, sun ɗauka irin na ƙasarsu ne.

Wani zai ce tun kaka da kakanni muke cin naman kaza. To, na gida ka sani, dajin wani kuwa baƙo kake a cikinsa. Wani ya ce ai porcini bai yi kama da mai gubar ba, tunda mai gubar tsage-tsage gare shi a ƙarƙashin hula. Gaskiya ne, amma ƙanana da ba su buɗe ba sukan rikita ido, kuma guda ɗaya na iya kashe babban mutum. Rai amanar Allah ne, magidancin da ya zuba wa iyalinsa abin da bai tantance ba ya yi sakaci, ba tawakkali ba!

Dokar Italiya ta 1993 ta taƙaita tsinta zuwa kilo 3 a rana, a kwando, ban da leda, kuma hukumar lafiya ta yanki tana da masana masu duba abin da aka tsinto. A kai musu kwandon duka kafin a ɗora tukunya. Wanda ciki ya murɗa wa, a garzaya da shi asibiti tare da ragowar abin da ya ci.