Darasi: Yadda jama'ar majami'a ke taimakon juna da maƙwabtansu

 Darasinmu na yau ya shafi maƙwabtanmu Kirista. Za mu ga yadda suke shirya taimakon junansu, da yadda taimakon ke kai wa ga wanda ba addininsu ɗaya ba. Ku karanta sannu a hankali. In kun gama, ku tattauna tare da malaminku.

Su wane ne?

A ƙidayar jama'a ta 2012, cikin ƴan Nijar 100, fiye da 99 Musulmi ne. Kirista ƴan kaɗan ne. Ɗakin da suke taruwa su yi addu'a shi ne majami'a, wasu kuma su ce coci. Jama'ar da ke taruwa ciki ana ce musu ekklesiya. Shugabansu na addini shi ne fasto.

Ƴan mishan na ƙungiyar SIM sun sauka Damagaram a 1924. Daga baya sunka zauna Tsibiri, kusa da Maraɗi. Bayan ƙasarmu ta samu mulkin kai a 1960, Kirista ƴan ƙasa sunka riƙe ekklesiyarsu da kansu. Sunanta a taƙaice EERN. Akwai kuma ƴan Katolika, masu majami'u a Tawa, Ƙonni da Maraɗi.

Yadda suke taimakon junansu

Ran Lahadi ne babban taronsu. A ƙasar Hausa da Hausa ake yin addu'a da wa'azi, don kowa ya ji. Bahaushe da Bazabarme da baƙon da ya zo aiki daga Bene ko Togo, duk ɗaki ɗaya suke zama. Ba a ware wa mai kuɗi wurinsa dabam.

Cikin taron ana zagawa da kwano ko ƴar jaka. Kowa ya saka abin da ya samu. Wannan shi ne baiko. Bayan girbi ma wasu kan kawo damman hatsi ko tiyar wake. Ba fasto kaɗai ke riƙe kuɗin ba. Akwai dattawa da jama'a ta zaɓa, akwai ma'aji, akwai magatakarda. Ana ƙirga kuɗin gaban shaidu, a rubuta cikin littafi. Daga ciki ake gyaran ɗaki, a taimaki gwauruwa da maraya da wanda ciwo ya kwantar.

Mata suna da tasu ƙungiya, ana ce mata Zumuntar Mata. Su ke zuwa barka in an haihu, su ke zuwa gaisuwa in an yi rasuwa. In mace ta kwanta ciwo, sai su raba aikin gidanta: wannan ta yi daka, wannan ta ɗebo ruwa, waccan ta kula da yara.

Suna ba karatu muhimmanci ƙwarai, don kowane mai bi yana son ya karanta littafinsu da kansa. An buga Littafi Mai Tsarki gaba ɗaya da Hausar boko tun 1932. Shi ya sa tun da daɗewa ake koya wa manya karatu cikin majami'u, kamar yadda muke yi a cibiyarmu.

Asibitin Galmi

Ba mai tambaya ina ne Galmi. Garin albasa ne, bisa babbar hanyar mota tsakanin Ƙonni da Madawa. A 1950 ƴan mishan sunka buɗe asibiti a can. Likitansa na farko Dokta Burt Long ne, mutumin Amurka. Har yanzu asibitin yana aiki. Ana aikin fiɗa, ana karɓar haihuwa, ana ɗora karaya, ana kula da yara masu tamowa. Ana kuma horar da likitocin fiɗa ƴan Afirka.

Mafi yawan masu zuwa neman magani Musulmi ne. Suna zuwa daga Adar da Gobir, har daga Nijeriya. Ba a korar mutum don addininsa ko ƙabilarsa. Ana biyan kuɗin magani, don haka mai tafiya ya yi guzuri. Kirista ba su ɓoye addininsu a wurin: suna addu'a, suna wa'azi. Amma maras lafiya yana samun maganinsa ko bai bi addininsu ba.

Ga abin da ya kamata magidanta su riƙe. In mace ta kwana tana naƙuda ba ta haihu ba, kada a tsaya jira. A kai ta gidan likita mafi kusa tun da wuri. In aikin ya fi ƙarfinsu, su za su tura ta babban asibiti. Jinkiri shi ke kashe uwa da ɗa.

Danja: wurin waɗanda anka gudu

A da, in kuturta ta kama mutum, dangi kan ware masa ƙwarya da ɗaki. Wani ma a kore shi bayan gari. A Danja, kudu da Maraɗi, ƴan mishan sunka buɗe asibitin kutare. An ba su magani, an ba su wurin zama, an zauna da su majami'a ɗaya.

Yau kuturta tana warkewa. Ana shan magani wata 6 ko wata 12, gwargwadon ƙarfin ciwon. Tun 1995 Hukumar Lafiya ta Duniya take ba da maganin kyauta. Wanda ya fara sha ba ya sa wa kowa ciwon. In ka ga tabo a jikinka wanda ya fi sauran fata haske, kuma ba ka jin taɓi a wurin, je ka gidan likita. Wanda ya je da wuri ba ya rasa yatsu.

A 2012 anka ƙara buɗe wani sashe a Danja don mata masu yoyon fitsari. Doguwar naƙuda ce ke kawo wannan ciwo, musamman ga yarinyar da jikinta bai ƙosa ba. Ba maita ba ce, ba kuma laifin matar ba ne. Ana ɗinke wurin, mata da yawa suna warkewa su koma gidajensu.

Sassaben zamani

Taimako bai tsaya ga magani ba. A 1983 wani ma'aikacin mishan a Maraɗi, Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya, ya lura da kututturan da ke cikin gonaki. Saiwarsu tana da rai. Kowace shekara suna tohuwa, manomi yana sassabe su. Sai ya ce a zaɓi rassa masu ƙarfi, kamar 3 zuwa 5, a bar su, a datse sauran. Lokacin yunwar 1984 da 1985 anka raba cimaka cikin ƙauyuka da yawa na Maraɗi, anka nemi manoma su gwada wannan dabara.

Manoman nan kusan dukansu Musulmi ne. Da sunka ga amfani, sai sunka koya wa maƙwabtansu. Gawo da kalgo da sabara sunka dawo gonaki. Masana sun ƙiyasta gonakin da itatuwa sunka farfaɗo a Nijar sun kai hekta miliyan 5. Itacen yana tare iska, ganyensa taki ne da abincin bisashe, mata kuma sun huta da tafiya nesa neman iccen girki.

Zaman lafiya

A watan Janairu na 2015 an ƙone majami'u da yawa a Damagaram da Yamai, an yi hasarar rayuka. Magabata da malaman addini sun yi tir da abin. Akwai Musulmin da sunka ɓoye maƙwabtansu Kirista cikin gidajensu har ƙura ta lafa. Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Mai zuga ka ka ƙone ɗakin maƙwabcinka ba zai zo ya yi jinyar ɗanka ba.

Me za mu ɗauka?

Taimakon juna ba baƙonmu ba ne. Muna da zakka da sadaka, muna da gayya da adashi. Addinin Musulunci ya yi horo da kiyaye haƙƙin maƙwabci, ko wane ne shi. Abin lura ga maƙwabtan nan namu shi ne tsari. Suna tara kaɗan-kaɗan kowane mako, suna rubutawa, suna raba aiki, kuma ba su barin maras ƙarfi baya. Da haka ƴan kaɗan sunka yi aiki mai yawa.

Mu ma da munka iya karatu da lissafi, za mu iya riƙe littafin asusun garinmu ko na bankin cimaka. In an tara kuɗin amalanke ko na mota tun kafin ciwo ya zo, ba a rasa yadda za a kai mai naƙuda gidan likita da tsakar dare.

Tambayoyi

1. A wace shekara anka buɗe asibitin Galmi?
2. Don me ake ƙirga baiko gaban shaidu?
3. Wace alama ce ta farkon kuturta?
4. Yaya ake yin sassaben zamani?
5. A garinku, su wa anka fi mantawa da su? Me za ku yi musu?

Lissafi

Mata 40 sun kafa asusu. Kowace tana zuba dala 20 ran kasuwa, sau ɗaya a mako. Dala nawa za su tara cikin mako 4? Jaka nawa ke nan, in jaka ɗaya dala 200 ce?