Idan an sallame ka daga aiki

Wani maƙwabcina ya yi shekara 6 yana aiki a wata masana'antar roba a Sharaɗa, cikin Kano. Ran wata Litinin ya isa bakin ƙofa da ƙullin abincinsa a hannu, sai mai gadi ya tare shi: "Yi haƙuri, manaja ya ce kada ka shiga, aikinka ya ƙare." Ya juyo gida ya zauna a zaure, ko ƙullin bai kwance ba. Da na tambaye shi takardar sallama, sai ya ce, "Malam, ai ko ta ɗauka ba su ba ni ba."

Abin ya ƙona mini rai, domin an ci haƙƙinsa kuma bai sani ba.

Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta ce lebura ko ƙaramin ma'aikacin ofis, kafin a sallame shi sai an ba shi notis, wato sanarwa tun da wuri. Tsawon notis ya danganta da daɗewarka a wurin. Wanda bai wuce wata 3 ba, kwana 1 ne nasa. Daga nan zuwa ƙasa da shekara 2, mako 1. Shekara 2 zuwa ƙasa da 5, mako 2. Wanda ya cika shekara 5 kuwa, wata guda cur. Ranar da aka ba da notis ba ta cikin lissafi, kuma in ya kai na mako 1, dole ya zo a rubuce. Saƙon baki ta hannun mai gadi bai wadatar ba.

In mai aiki yana son ka tafi yau, sai ya biya ka kuɗin kwanakin notis ɗin, haɗe da ragowar albashinka. Kai ma haka dokar ta hau kanka in za ka ajiye aiki. Wanda ya yi babban laifi, kamar sata, shi ne ake iya kora nan take. Amma ba a korar mutum don ya shiga ƙungiyar ƙwadago, ba a kuma miƙa wa mace notis tana hutun haihuwa.

Takardar ɗauka ma haƙƙinka ce, a ba ka ita cikin wata 3 da fara aiki. Ka adana ta, kada kuma ka dangwala hannu a takardar da ba a karanta maka ba.

In an zalunce ka, fara da shugabannin ƙungiyarku ko ofishin Ma'aikatar Ƙwadago na jiharku. In abin ya gagara, akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, tana da reshe a Kano da Kaduna. Maƙwabcin nawa da ba shi da takarda ko ɗaya, katin shaidar aikinsa da saƙonnin banki na shigar albashi da ke wayarsa muka tattara, da su ya nuna shekarunsa na aiki.